Wa Ya Shuka Magaryar Masallacinmu

A unguwarmu ta Ƙuba a Madina, bayan tsofaffin gonakin dabinon nan da yanzu rabinsu ya koma gidajen haya da wuraren wankin mota, akwai wani ɗan masallaci da ba a kai alhazai ziyara. Sahu huɗu yake ci, biyar idan an matsu. A jikin bangonsa na yamma akwai wata magarya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa sidir. Ban taɓa ganin magaryar da ta kai ta girma ba. Mutum biyu ba sa rungume gindinta, ta karkace ta jingina da bango, reshenta guda ya haye rufi ya leƙa ɗaya ɓangaren. Ganyenta ake tsinka a daka idan za a yi wa mamaci wanka, don haka babu gidan da bai taɓa aiko mata da kwano ba.

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri, ni ba na cikin masoyanta. 'Ya'yanta su zubo maka a kan mota, tsuntsaye su biyo baya su yi nasu aikin, ƙayarta ta kama maka jallabiya kana sauri. A filin jirgi nake aiki, wurin tarbar alhazai, inda ake son mutum fes, kuma ba sau ɗaya ba na isa can da yagen da ta yi mini a kafaɗa. Amma a gaban mahaifina ban isa in ce mata kanzil ba.

A wurin Baba, ubansa ne ya shuka magaryar nan. Na haddace labarin tun kafin a sa ni makaranta. Kakana ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Kano a ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, ya yi noma a Chadi, ya tsinci auduga a Sudan, ya haye teku, duk da ƙwallayen magarya uku ƙulle a bakin rawaninsa. Da ya samu aikin ban-ruwa a gonar dabinon wani Balarabe sai ya shuka su a gefen rijiya. Biyu suka mutu, ɗaya ta kama. Da ta yi inuwa ya jera duwatsu a ƙarƙashinta ya riƙa salla, 'yan'uwansa ma'aikata suka bi shi, duwatsu suka zama rumfar ganyen dabino, rumfa ta zama ginin laka, laka ta zama bulo. Asalin masallacin ke nan, in ji Baba.

Kakan nawa ya rasu Baba yana ɗan shekara tara. Bai bar hoto ba, bai bar takarda ba, an kuma binne shi a Baƙi'a inda ba a rubuta sunan kowa a kan kabari. Idan Baba yana son ya nuna wa wani cewa shi ma ya taɓa yin uba, magaryar nan kaɗai gare shi.

Sai dai akwai Kawu. Ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne, abokin Baba ne tun suna yara, sa'ansa ne, ƙofar gidansu na kallon tamu. Asalinsu Damagaram, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Damagarawa da Kanawa. Abin dariyar, su biyun duk a Madina aka haife su. Baba bai taɓa taka Kano ba, Kawu ko a taswira ba zai nuna maka Damagaram ba, amma sun gaji tsokanar cif kamar yadda suka gaji cin tuwo. Kullum tsakanin la'asar da magariba suna gindin magaryar da butar shayi, kuma kullum da abu ɗaya Kawu ke buɗe hira.

"Bakano, matsa daga inuwar ubana."

"Uban naka da ko albasa bai iya shukawa ba?"

"Daga Damagaram ya taho da ita. Kai ka taɓa jin an ba Bakano ƙwallon magarya ya shuka? Ai kasuwa zai kai."

Kawu ya ƙyalƙyale da dariya, Baba kuwa jijiyar wuyansa ta miƙe, ya fara labarin tun daga ƙauye. Mahaifiyata ta ce shekara arba'in suka yi a haka. Da sauran gidaje suka ga abin ya zama ado, su ma suka shigo. Wani gida da suka zo ta Sudan suka ce kakarsu ce, wasu 'yan Chadi suka ce malaminsu ne ya soka sandarsa a ƙasa ta yi ganye. Baba bai damu da waɗannan ba, ya ce shirme ne. Na Kawu ne ke hana shi sukuni. Ya sha gaya mini cewa kafin ya mutu yana son ya ji bakin Badamagaren nan ya faɗi gaskiya, ko sau ɗaya.

Ana nan, magarya ta fara wuce gona da iri. Saiwarta ta bi ta ƙarƙashin masallaci ta ɗaga daɓen sahu na biyu, ya yi wani ɗan tudu a ƙarƙashin kafet. Duk wanda ya tsaya a wurin sai ya fi kowa tsawo, har akwai wani gajeren tela da ke sammako saboda shi. Ta fasa bututun wurin alwala sau uku. Ga jama'a sun ƙaru, da zafi sai ka ga mutane a waje suna salla a kan kwali, kwalta na gasa musu gwiwa. Wani injiniya ɗan Najeriya da ya tare a unguwar, mutumin Zariya, muhandis muke ce masa, ya zana mana yadda za a faɗaɗa masallacin a sa na'urar sanyaya ɗaki. Gabas titi ne, kudu da arewa gidajen mutane. Wuri ɗaya ya rage, wurin magarya. Baba ya ce ai dama Bazazzage ne, me ya sani. Ni kuwa da aka kawo takardar neman amincewa, ina cikin waɗanda suka fara sa hannu, ban kuma gaya masa ba.

Lajanar masallaci, wato dattawan da ke kula da shi, suka kai maganar wurin liman. Limaminmu ɗan unguwa ne, jikan mutanenmu, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Bayan sallar la'asar ya juyo ya yi bayani. Ya ce muna cikin haramin Madina, kuma itacen da ya tsiro da kansa ba a sare shi a nan. Wanda hannun mutum ya shuka kuwa ana iya sarewa idan akwai buƙata, kuma tunda a filin masallaci take, lajana ce ke da ta cewa ba magada ba. Sannan ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi wannan kam babu shakka a kanta, tun yana yaro yake jin mutum ne ya shuka ta, mutumin ne kawai ba a daidaita a kansa ba.

Na ga dattawa suna kallon juna, kowa na lissafin abin da bakinsa ya jawo.

Kafin mako ya zagayo, duk unguwar ta juya. Mutanen da ke gunaguni a kan bututu da tudu, da aka ce da gaske sarewa za a yi, sai kowa ya tuna wanda aka wanke masa da ganyenta. Gidan Sudan suka ce da suka bincika ashe kakar tasu ba ta taɓa zuwa Ƙuba ba, a Yanbu ta rasu. 'Yan Chadi suka ce malaminsu ma ba ya riƙe sanda. Wani ya kawo cewa akuya ce ta ci 'ya'yan magarya a wani wuri ta zo nan ta sauke. Nan take aka tambaya, akuyar wa? Idan tana da mai ita, shin ba hannun mutum ke nan ba? Aka yi kwana biyu a kan akuyar, har aka yanke cewa ɓatacciya ce. Wani kuma ya ce wani alhaji ne mai wucewa ya tsotse ya tofar da ƙwallon. Aka garzaya wurin liman, shin tofarwa shuka ce? Ya ce ya danganta da niyya. Aka ce to ta yaya za a gano niyyar alhajin da ba a san shi ba, ya kuma daɗe da mutuwa? Daga ranar liman ya riƙa fita ta ƙofar baya.

Muhandis, bawan Allah, ya so ya taimaka. Ya ce idan magaryar ta girmi zuwan mutanenmu, to magana ta ƙare, da kanta ta fito. Ya zo da tef ya auna gindinta, ya rubuta, ya sake aunawa, dattawa na biye da shi. Daga ƙarshe ya ce gaskiya ba a sanin shekarun itace daidai sai an sare an ƙirga zobban da ke cikinsa. Wani tsoho ya ce, "To a sare a duba mana, in da kanta ta fito sai a bar ta." Wallahi na ga mutum huɗu sun gyaɗa kai kafin wani ya farga.

Da liman ya gaji sai ya yanke. Ya ce ba zai saurari akuya ba, ba zai saurari alhaji ba. Mutum biyu ne suka fi kowa shekaru a unguwar, Baba da Kawu, kuma su ne tushen maganar. Ranar Juma'a bayan la'asar za su tsaya a gaban jama'a. Idan duka biyun suka ce ba iyayensu suka shuka ba, za a ɗauke ta a matsayin wadda ta tsiro da kanta, muhandis ya san yadda zai yi da zanensa. Idan ɗaya ya ce mutum ne, an gama.

A kwanakin nan Baba ya daina zuwa gindin magaryar, abinci ma sai an yi da gaske. Ganinsa a haka ne ya juya ni. Ban fara son itacen ba, har yau ban yafe mata jallabiyoyina ba, amma na ji kunyar hannun da na sa, na kuma ji tsoron abin da faɗuwarta za ta yi wa tsohon. Sai na naɗa kaina ɗan aike. Na fara da Kawu, don na ɗauka shi ne zai ba ni wuya.

"Kawu, ranar Juma'a so muke ka ce ba mahaifinka ne ya shuka ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Halas, ya waladi, an gama ɗana. Zan faɗa."

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Na yi mamakin sauƙin abin, amma ban tsaya tambaya ba, na tsallaka gida ina jin kaina gwani. Na tarar da Baba a ɗakin baƙi, zaune a ƙasa, carbi a hannu ba ya ja.

"Baba, kalma ɗaya ce fa. Ka ce da kanta ta fito."

"In tsaya a masallacin da ubana ya jera wa duwatsu in ce ban san aikinsa ba?"

"Ai ba ƙarya ba ce sosai. Ba ka gani da idonka ba, lokacin ba a haife ka ba."

"Haihuwata ma ban gani da idona ba. In ce da kaina na fito?"

Sannan ya ƙara da cewa, "In na ce shi ne, su sare ta. In na ce ba shi ba ne, ta tsaya, amma ta zama ta akuya." Sai ya tambaye ni me Badamagaren ya ce. Na ce ya yarda nan take. Ya yi tsaki ya ce ai shi ba abin da zai rasa. Bai ce mini eh ba, bai ce a'a ba, na fita ban san inda ya tsaya ba.

Ranar Juma'a masallaci ya cika har waje, mata na jin abin da ake yi ta taga. Baba ya sa farar jallabiyarsa ta Idi. Liman ya fara da Kawu. Kawu ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ubana bai shuka magaryar nan ba." Ya zauna abinsa. Aka yi ta hamdala ƙasa-ƙasa.

Na kama Baba ya miƙe. Ya kalli liman, ya kalli taga, inda ake hango reshen. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Nawa ma bai shuka ba. Labari ne kawai nake bayarwa. Da kanta ta fito."

Na ji daɗi, na kuma ji kamar in nutse. An ci nasara ke nan. Liman ya ɗaga hannu zai rufe magana, sai muka ji sanda ta bugi ƙasa.

"Ƙarya kake, Bakano!"

Kawu ne, a tsaye.

"Ka ji tsoron Allah, a cikin masallaci? Ubanka ne ya shuka ta! Ubana yana wurin, shi ya riƙa ɗebo masa ruwa da guga daga rijiya. Da bakinsa ya gaya mini, ba sau ɗaya ba. Uku ya shuka, biyu suka mutu. Ba za ka tsaya a gabana ka shafe mutumin nan ba."

Wani daga baya ya ce, "Ya ammi, Kawu, zauna mana!" Wani ya ja masa riga. Ni na ƙura masa ido ina yi masa alama da hannu, ko kallona bai yi ba. Baba ya juya gaba ɗaya ya fuskance shi.

"Ka sani?"

"Na sani mana."

"Tun yaushe?"

"Tun ina yaro."

"To shekara arba'in ɗin nan fa?"

"Wasa nake yi. Ba abokin wasana ba ne kai? Ka taɓa jin na rantse?"

Sai a lokacin kowa ya tuna, lallai ko sau ɗaya Kawu bai taɓa cewa wallahi a kan maganar ba. Liman ya tambayi Baba, a karon farko da Hausa, Hausar tana tuntuɓe, ko abin da Kawu ya faɗa gaskiya ne. Baba ya ce gaskiya ne, ya kuma nemi gafarar Allah a kan abin da ya faɗa da farko. Liman ya ce to hannun mutum ne. Babu wanda ya yi musu.

Daga masallaci zuwa gida tafiyar minti uku ce, ranar mun yi kwata. Ina riƙe da hannunsa, ina tafasa, ina jera abin da zan gaya wa Kawu idan na kama shi. Daidai katangar wurin wankin mota Baba ya tsaya.

"Ka ji shi?"

"Na ji shi, Baba. Ya ɓata mana komai."

"A gaban kowa ya faɗa. Har da guga." Sai ya fara dariya, kafaɗunsa na girgiza. "Shekara arba'in ina jira. Ka ga ranar da ja'irin ya zaɓa."

Dariyar ba ta tsaya ba har ta koma wani abu dabam. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba sai ranar, a bakin titi, ma'aikatan wankin mota suna yin kamar ba su gani ba. Na tsaya na kare shi da jikina har ya gama.

Bayan mako biyu aka sa ranar sare ta. Jajibirin ranar mata suka fito da buhuna suka tsige ganyen tas, aka raba gida-gida gwargwadon yawan tsofaffin da ke cikinsa, a shanya a ajiye don wankan gawa. Tsofaffin da kansu suka tsaya a kan rabon, kowa na duba kada a tauye masa nasa. Wata tsohuwa ta ce a ƙara mata, ita mai jiki ce.

Baba bai je wurin saran ba. Ni na ɗauki hutu na je, Kawu ma ya zo ya tsaya can gefe, ban gaishe shi ba. Ma'aikata uku suka zo da zarto mai inji da hantsi. Na zaci za a wuni. Ko awa ɗaya ba a yi ba. Suna sauke rassan, suka sa zarto a gindin, sai ya shige fuu, ashe cikinta duk rami ne, ɓawo kawai ke tsaye da ɗan nama kaɗan. Ta kwanta a hankali, ko ƙarar kirki ba ta yi ba. Muhandis ya matso da biro zai ƙirga zobba, ya leƙa, bai samu abin ƙirgawa ba, sai wata tsohuwar buta da takalmi ƙafa ɗaya da ba a san mai su ba.

Na kama hanyar gida, na ji sanda na bina. Kawu ne. Tun ranar Juma'ar nan bai taka gidanmu ba, ban kuma san me zan ce masa ba, sai na bar masa ƙofa a buɗe. Muka tarar da Baba a ɗakin baƙi, an kawo masa shayi ya huce. Ya kalli Kawu, ya matsa masa wuri. Sannan ya dube ni.

"An gama?"

"An gama, Baba."

"Ta ba su wuya?"

Ban shirya ba, bakina ne kawai ya tafi. Na ce ta ba su wuya ƙwarai, sai da suka karya zarto, suka aika aka kawo wani, cikinta kamar ƙarfe. Ina rufe baki na tuna wanda ke zaune a gefena, mutumin da ya tsaya a gaban unguwa guda ya ƙi barin ƙarya ta wuce. Baba ya juya wurinsa.

"Haka ne, Badamagare?"

Kawu ya jingina sandarsa da bango.

"Zarto biyu," in ji shi. "Yaron bai iya ƙirga ba."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Ubana ma haka aka ce mini yake," ya ce. Ya ɗauki kofin shayin, shayin na zubewa a kan kafet, kuma babu wanda ya miƙa hannu ya karɓa a cikinmu.